Kafin mizajur ta iso wayarka: su wa ke tantance gyaran manhaja, kuma me ya shafi 'yan kasuwar Adjamé da Treichville?

Duk wanda ya taɓa kai waya ko kwamfuta gyara a Adjamé, musamman a yankin nan da mutanen Abidjan ke kira Black Market, da wuya a ce bai ji ana gardama a kan kalma ɗaya ba: mizajur. Haka bakin 'yan kasuwa ya mayar da kalmar Faransancin nan da ke nufin sabunta manhaja. Wani mai gyara zai ce maka kar ka kuskura ka taɓa ta, ita ce ke kashe waya. Na kusa da shi kuma ya ce ai rashin yin ta ne ya sa ɓarayin intanet ke yashe wa mutane asusu. Mai kaya yana tsaye a tsakaninsu, bai san maganar wa zai ɗauka ba.

Gardamar ba ta banza ba ce. Ga Bahaushen da ya taso daga Maraɗi, Tawa, Damagaram, Kano ko Sakkwato yana neman na kai a Adjamé ko Treichville, waya ita ce rabin shago. A ciki ake karɓar kuɗi ta Wave, Orange Money, MTN MoMo ko Moov Money. A ciki ake ciniki da abokan hulɗa ta WhatsApp, a ciki ake aika wa iyali na cefane. Idan sabuntawa ta lalata wayar, kasuwar ranar ta tsaya. Idan kuma aka ƙi sabuntawa har ɓarawo ya samu ƙofa, asarar ta fi haka. To, kowanne daga cikin masu gyaran nan biyu yana da rabin gaskiya. Sauran rabin yana wurin da mafi yawanmu ba mu taɓa leƙawa ba, wato hanyar da gyara ke bi tun daga hannun wanda ya rubuta shi har ya iso na'urarka.

Mene ne tsayayyen zubi?

Kowace waya da kowace kwamfuta tana da babbar manhajar da ke tafiyar da ita, wadda za mu iya kira uwar manhaja. Ita ce ke haɗa allo da madannai da batir da sauran manhajoji su yi aiki tare. Windows ɗaya ce, Android ɗaya ce, haka ma iyalan Linux irin su Debian da Ubuntu.

Masu ƙera waɗannan manhajoji kan riƙe zubi iri biyu. Akwai wanda ake kan ginawa, inda kullum ake sauye-sauye, a rushe nan a ɗora can. Wannan na magina ne da masu son gwaji. Akwai kuma tsayayyen zubi, wanda aka gama, aka gwada, aka miƙa wa jama'a da alkawarin cewa ba zai riƙa canza hali ba gaira ba dalili. Shi ne ke kan kwamfutar akawu, da ta asibiti, da ta ɗakin karatun makaranta.

Matsalar ita ce babu manhajar da ake gamawa ba aibu. Bayan an fitar da ita, sai a gano kurakurai da ramukan da ɓarayi za su iya bi. Dole a gyara. Amma duk gyara canji ne, kuma canji ne abin da aka yi wa jama'a alkawarin ba za a yi musu barkatai ba. Shi ya sa aka kafa ƙa'idoji masu tsauri, don kar garin neman gira a rasa ido.

Wurin da ya fi sauƙin ganin waɗannan ƙa'idoji shi ne Ubuntu da Debian, domin su komai nasu a fili yake. Kowa zai iya karanta takardar neman gyara, da amsar masu tantancewa, da sakamakon gwaji. Kamfanoni irin su Microsoft da Google suna da nasu matakan masu kama da haka, sai dai yawanci a cikin gida suke yi.

Darasin watan Agustan 2006

Ubuntu ta fara fita ne a watan Oktoban 2004, ƙarƙashin kamfanin Canonical na Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu. Duk bayan shekara biyu, a watan Afrilu, tana fitar da zubi mai dogon zango, kamar 22.04 na 2022 da 24.04 na 2024, wanda ake kula da shi kyauta har shekara 5.

Zubinta na farko mai dogon zango shi ne 6.06. A watan Agustan 2006, aka tura wa masu amfani da shi wani gyara na ɓangaren da ke nuna hoto a allo. Mutane da dama suka sabunta, suka sake kunna kwamfuta, sai suka tarar babu hoto, babu inda za a latsa, sai rubutu kawai. An janye gyaran, an fitar da wani, amma an ji jiki. Irin wannan tuntuɓe ne ya sa aka ƙara ɗaure ƙa'idar sabunta tsayayyen zubi, wadda a yau suke taƙaita sunanta da haruffa uku, SRU. Ga yadda take tafiya.

Mataki na farko: a fara gyara gaba

Ba a yarda a kawo gyara kai tsaye cikin tsayayyen zubi ba sai an fara gyara matsalar a zubin da ake kan ginawa. Dalili biyu ne. Na ɗaya, can ne gyaran zai fara shan gwaji a hannun waɗanda suka san sun shiga gwaji. Na biyu, don kar mutum ya samu gyara yau, gobe ya koma sabon zubi ya sake tarar da tsohuwar matsalar tana jiransa.

Sannan ba kowace matsala ce ta cancanci a taɓa tsayayyen zubi saboda ita ba. Ana karɓar gyaran abin da ke jawo asarar bayanai, ko abin da da yana aiki ya daina, ko matsala mai tsanani da ke damun jama'a. Wai don launin wani maɓalli bai yi wa wani kyau ba, wannan sai ya jira zubi na gaba.

Mataki na biyu: takardar neman izini

Mai gyaran zai buɗe rahoto a dandalin Launchpad, ya amsa tambayoyi uku a rubuce. Ta farko, wace illa matsalar ke yi wa masu amfani? Ta biyu, ta yaya wani daban, wanda bai san kan manhajar ba, zai bi mataki-mataki ya ga matsalar da idonsa, sannan ya tabbatar gyaran ya kawar da ita? Ta uku, wadda ta fi sauran wuya: a ina wannan gyara zai iya ɓata wani abu?

Masu tantancewa ba sa karɓar amsar cewa babu wani haɗari. A wurinsu, wanda ya ce gyaransa ba zai iya jawo komai ba, bai zauna ya yi tunani ba ne. Ana so ya faɗi da bakinsa inda yake jin tsoro, domin masu gwaji su san inda za su sa ido.

Mataki na uku: idon da ba na mai aikin ba

Gyaran ba ya wucewa sai ya tsaya a layin jira, inda wata tawaga ta musamman za ta karanta canjin layi bayan layi. Suna duba ko canjin ƙarami ne iya abin da ake buƙata, ko kuwa mai gyaran ya fake da guzuma ya harbi karsana, ya cusa wasu sauye-sauyen da ba a nema ba. Idan sun ga haka, sai su mayar masa da kayansa. Duk malamin makaranta ya san hikimar wannan: wanda ya tsara tambayoyin jarrabawa ba ya ganin kuskurensa, sai ya ba abokin aiki ya karanta.

Mataki na huɗu: ɗakin gwaji da kwana 7

Idan tawagar ta amince, gyaran zai shiga wata ma'ajiya ta daban da suke kira proposed, ma'ana abin da aka gabatar amma ba a tabbatar ba. Kwamfutar talaka ba ta ɗauko kaya daga nan, sai wanda ya buɗe ƙofar da kansa don ya taimaka da gwaji. A wannan zango ne injuna ke gudanar da gwaje-gwaje masu sarrafa kansu, ba a kan manhajar da aka gyara kaɗai ba, har da sauran manhajojin da suka dogara da ita. Sannan dole wani mutum ya bi matakan gwajin nan da aka rubuta, ya dawo ya faɗi lambar zubin da ya gwada da abin da ya gani.

Ko da komai ya yi kyau tun ranar farko, ƙa'ida ita ce gyaran ya yi aƙalla kwana 7 a nan. Wata matsalar ba ta fitowa sai an kwana ana aiki da na'ura.

Mataki na biyar: a ɗanɗana wa kashi 10

Bayan an sake shi ma, ba kowa ke samu lokaci ɗaya ba. Ana fara bai wa kashi 10 cikin 100 na kwamfutoci. Idan shiru, bayan kowace awa 6 a ƙara wani kashi 10, har a kai ga kowa cikin kwana biyu da 'yan awoyi. A tsakanin nan akwai na'urar da ke tattara rahoton manhajojin da suka faɗi. Da zarar ta ga faɗuwa ta ƙaru, ko wata sabuwar matsala ta ɓullo tare da gyaran, sai rabon ya tsaya cak har mutum ya zo ya duba.

Wannan ne ya sa za ka ga kwamfutoci biyu a shago ɗaya, ɗaya ta samu sabuntawa, ɗayar kuma ta ce an riƙe wasu ƙunshi. Ba lalacewa ba ce, layi ne bai zo kanta ba. Mai gyaran da ya tilasta mata ɗauka, ya tsallake shingen da aka kafa don kare mai kayan ne.

Akwai kuma abu na ƙarshe da ba a gani: hatimi. Jerin kayan da ke ma'ajiyar yana ɗauke da sa hannu na sirri, kuma kwamfutarka tana duba shi kafin ta karɓi komai. Idan wani ya canza ko harafi ɗaya a hanya, lissafin ba zai yi daidai ba, sai ta ƙi karɓa.

Ban da ranar Juma'a

Wata ƙa'idar Ubuntu da kan ba mutane dariya ita ce ba a sakin irin wannan gyara ranar Juma'a, Asabar ko Lahadi, sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Hujjar a bayyane take: idan abu ya ɓaci, a samu ma'aikata a bakin aiki.

Wanda ke ganin wannan tsoro ne ya yi yawa, sai ya tuna ranar Juma'a 19 ga Yulin 2024. Da ƙarfe 4:09 na asuba agogon Abidjan, kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike da ke Amurka ya tura wani ɗan ƙaramin fayil ga kwamfutocin Windows masu amfani da manhajarsa. Fayil ɗin na da aibu. Da ƙarfe 5:27 aka janye shi, wato bayan minti 78 kacal, amma aikin gama ya gama. Microsoft ya ƙiyasta cewa na'urori kimanin miliyan 8.5 ne suka faɗi. An soke dubban tashin jiragen sama, aiki ya tsaya a asibitoci da bankuna da gidajen talabijin a ƙasashe da dama. Da yawa daga cikin kwamfutocin sai da ma'aikaci ya je gabansu ɗaya bayan ɗaya ya goge fayil ɗin da hannu.

A lura, wannan ba gyaran Windows ba ne, na wani kamfani ne da manhajarsa ke zaune a can cikin zuciyar Windows. Amma darasin ɗaya ne. An tura wa kowa a lokaci guda. Da an fara da ɗan kaso kaɗan, da ɓarnar ta tsaya a nan. Cikin alkawuran da kamfanin ya ɗauka bayan abin ya faru, har da fara sakin irin waɗannan fayiloli kashi-kashi.

Shi ma Microsoft ya taɓa shan irin tasa. A watan Oktoban 2018 ya dakatar da wata babbar sabuntawar Windows 10 kwanaki kaɗan bayan fitarta, saboda ta goge wa wasu mutane fayilolinsu. Sai a watan Nuwamba aka sake fitar da ita.

Yadda Debian ke yi

Debian, wadda a kanta aka gina Ubuntu, aikin 'yan sa kai ne daga ƙasashe daban-daban, kuma ta yi suna wajen taka-tsantsan. Mai son gyara wani abu a tsayayyen zubinta sai ya aika wa masu kula da fitarwa takarda haɗe da cikakken bambancin da ke tsakanin tsoho da sabo. Idan sun yarda, gyaran ya zauna a ma'ajiyar jira, sai a tara su a fitar gaba ɗaya kusan duk bayan wata biyu, a ƙara lamba: 12.1, 12.2, haka dai.

A watan Disamban 2023, ana dab da fitar da 12.3, sai aka gano cewa ƙwayar Linux da ke ciki tana da matsalar da za ta iya lalata bayanan da ke kan faifai. Masu kula da aikin suka tsayar da fitarwar, suka gargaɗi jama'a da su dakata da sabuntawa, sannan ranar 10 ga Disamba suka fitar da 12.4 da gyararriyar ƙwaya. Sun gwammace a ga giɓi a lissafi da a ga giɓi a fayilolin mutane.

Ita kanta ƙwayar Linux, wadda ke cikin Debian da Ubuntu da kowace wayar Android, tana da nata masu gadin tsayayyen reshe, Greg Kroah-Hartman da Sasha Levin. A ƙa'idarsu, gyara sai ya riga ya shiga babban reshe, ya zama gajere da bai wuce layi 100 ba, kuma a baza shi ga masana su yi awa 48 suna dubawa kafin a fitar.

Gyaran tsaro: inda jinkiri ke zama haɗari

Duk wannan jan ƙafa na gyaran yau da kullum ne. Idan rami ne da ɓarayi za su iya bi, hanyar daban ce. A Ubuntu da Debian akwai tawagar tsaro ta musamman. Sau da yawa sukan shirya gyaran a asirce tare da sauran kamfanoni, su gwada, sannan a sanar da matsalar da maganinta rana ɗaya. Irin wannan gyara a Ubuntu ba ya bin layin kashi 10, kowa ake ba nan take. Shi kuwa Microsoft, tun Oktoban 2003 ya tsayar da Talata ta biyu a kowane wata a matsayin ranar fitar da gyaran tsaro.

Dalilin gaggawar shi ne, ranar da aka fitar da gyara, ranar ce ɓarayi ma ke sanin inda ramin yake. Misalin da ba a mantawa shi ne WannaCry. Microsoft ya fitar da gyaran ramin ranar 14 ga Maris na 2017. Ranar 12 ga Mayu, kusan wata biyu bayan nan, cutar ta ɓarke, ta kulle kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kimanin 150, tana neman fansar dala 300 a kan kowace. Asibitocin gwamnati a Ingila na cikin waɗanda suka fi jin jiki. Maganin yana nan tun tuni, waɗanda abin ya ci ba su sha ba ne.

Akwai kuma labarin da ke nuna amfanin jinkirin tsayayyen zubi. Ranar 29 ga Maris na 2024, wani injiniya mai suna Andres Freund ya sanar cewa ya gano ƙofar sirri da aka dasa da gangan a cikin xz, wata 'yar manhajar matse fayiloli da kusan kowace Linux ke amfani da ita. Abin da ya ja hankalinsa shi ne jinkirin kusan rabin daƙiƙa da ya lura da shi a kwamfutar da yake gwaji da ita. Wanda ya dasa ƙofar ya shafe kimanin shekara biyu yana taimakawa a aikin har aka amince da shi. Gurɓataccen zubin ya shiga rassan gwaji, amma bai kai ga tsayayyen zubin Debian ko na Ubuntu ba, saboda su ba sa ɗaukar sabon abu don kawai sabo ne. Ubuntu ta ɗage fitar da zubin gwaji na 24.04 da mako guda don ta sake gina kayanta.

Doguwar hanyar wayar Android

Mafi yawan abin da ake kawowa gyara a Adjamé waya ce, kuma hanyar wayar ta fi ta kwamfuta tsawo. Tun 2015 Google ke fitar da sanarwar gyaran tsaro na Android a kai a kai, yana kuma sanar da kamfanonin da yake hulɗa da su tun kafin ya bayyana wa duniya. Amma gyaran ba daga Google yake zuwa wayarka kai tsaye ba. Sai masu ƙera ƙwaƙwalwar wayar, irin su MediaTek da Qualcomm, sun haɗa nasu. Sannan kamfanin wayar, Samsung ne, Tecno ne, Infinix ne ko itel, ya ɗora a kan nasa zubin, ya gwada a kan kowane samfuri, ya saki kashi-kashi. Kowane kamfani shi ke yanke shekarun da zai kula da kowane samfuri, kuma galibi waya mai araha ba ta samun tsawon kulawar da mai tsada ke samu.

Tun daga Android 10 na 2019, Google ya ware wasu sassa da yake sabuntawa da kansa ta hanyar Google Play, wanda ya rage matsalar amma bai kawar da ita ba.

Ga abin da mai sayen waya zai iya yi da kansa: ya shiga Paramètres, ya nemi bayanin wayar ko sashen tsaro, zai ga kwanan watan gyaran tsaro na ƙarshe. Idan ya ga kwanan ya kai shekara biyu ko uku, kuma wayar ta ce babu sabon abu, to kamfanin ya riga ya saki hannunta. Irin wannan waya za ta yi kira da kallo, amma a yi tunani kafin a mayar da ita asusun shago.

Nan ne kuma maganar filashin ke shigowa. Idan mai gyara ya ɗora wa waya manhajar da ya kwaso daga wani shafin da ba a san mai shi ba, duk matakan da muka lissafa an tsallake su. Babu mai tantancewa, babu kwana 7, babu wanda zai amsa tambaya. Haka abin yake ga Windows ɗin da aka fasa, wanda sau da yawa ake kashe masa sabuntawa don kar ya tona kansa.

Kwamfutocin gwanjo bayan Windows 10

Kasuwar kwamfuta a Adjamé da Treichville ta dogara sosai da na hannu da ake shigowa da su daga Turai, irin kayan da a Abidjan ake wa laƙabi da France au revoir. Ranar 14 ga Oktoban 2025, Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar yau da kullum ga Windows 10. Ya buɗe wani shirin ƙarin wa'adi ga ɗaiɗaikun mutane zuwa Oktoban 2026, amma sai wanda ya yi rajista. Ita kuma Windows 11 tana buƙatar wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da ƙwaƙwalwa ta baya-bayan nan, a ɓangaren Intel galibi daga ƙarni na 8 zuwa sama. Tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su cika wannan sharaɗi ba.

Ma'anar wannan ita ce kwamfuta za ta ci gaba da kunnuwa lafiya lau, amma duk ramin da aka gano daga baya zai zauna a buɗe. Ga mai shagon buga takardu, da makaranta mai ɗakin kwamfuta, da ɗan kasuwar da ke ajiye lissafinsa a ciki, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Mafita ɗaya ita ce a ɗora wa irin waɗannan na'urori Linux mai dogon zango. Ba baƙon abu ba ne a Kodebuwa. Akwai ƙungiyar AI3L ta masu yaɗa Linux da manhajoji masu 'yanci a ƙasar. Akwai matasan JerryClan da suka yi suna wajen harhaɗa kwamfuta a cikin jarka da sassan tsofaffin na'urori, suna ɗora mata Emmabuntüs, wata Linux da aka tsara musamman don farfaɗo da tsofaffin kwamfutoci. A Treichville kuma akwai makarantar ESATIC da ke horar da injiniyoyin fasahar sadarwa. Masu sani suna nan kusa. Sai dai a faɗi gaskiya, ba kowace manhajar Windows ce ke aiki a Linux ba, don haka mai shago ya fara lissafa abin da yake amfani da shi kafin ya sauya.

To, wa za a bi a cikin masu gyaran nan biyu?

Amsar ta danganta da irin sabuntawar. Gyaran tsaro da ya zo ta hanyar da na'urar kanta ta tanada, a yi shi da wuri, rigakafi ya fi magani. Babbar sabuntawa kuwa, wadda ke ɗauke ka daga wani zubi zuwa wani, babu laifi a ɗan jira mako biyu ko uku a ji labarin waɗanda suka riga. Ubuntu da kanta ba ta tayin sabon zubi mai dogon zango ga masu tsohon sai bayan watanni, idan an fitar da gyararren kashi na farko.

Kafin kowace babbar sabuntawa, a kwafe hotuna da lambobi da lissafin kasuwa a wani wuri daban. A tabbatar batir ya cika ko na'ura na jone da wuta, domin ɗaukewar wuta ana tsakiyar aiki na cikin abubuwan da ke lalata na'ura, sai a ɗora wa sabuntawar laifi. A nemi wurin da ke da intanet mai ƙarfi don kar data ta ƙare a rabin hanya. Mai kwamfutoci da yawa ya fara da guda ɗaya, ya ga yadda ta kwana. Kuma kar a yi ta da safiyar ranar da kasuwa ke ci, ko daren da za a fara jarrabawa.

Saƙon da ya shigo ta WhatsApp ko SMS yana cewa latsa nan ka sabunta wayarka ko asusunka, wannan ba sabuntawa ba ce, tarko ne. Sabuntawa ta gaskiya daga cikin Paramètres ko Play Store take zuwa, kuma ba ta taɓa tambayar lambar sirrin asusun kuɗi. Wanda aka damfara ta wannan hanya yana iya kai ƙara ga PLCC, hukumar da ke yaƙi da laifukan intanet a Kodebuwa.

Su kuma 'yan'uwa masu gyara, amana ce a hannunku. Wanda ya kawo muku waya bai san abin da kuka ɗora mata ba, yarda ce kawai ya yi. Ku gaya masa daga ina manhajar ta fito, ku nuna masa kwanan watan gyaran tsaronta, kuma idan kun kashe mata sabuntawa, ku faɗa masa dalili. Mai saye ma ya koyi yin tambaya ɗaya kafin ya miƙa kuɗi: wannan na'urar, har yanzu akwai mai kula da ita, kuma zuwa yaushe?